Me ya sa yankakken rogo yake ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitilar duba kuɗi?

Ɗan Kasuwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya wadda nake fatan masu ilimin kimiyyar sinadarai za su taimaka su warware mini. Sana'ata ita ce sayen ɗanyen rogo daga hannun manoma, ina sayar wa masu dafawa da masu yin alabo, kuma a shagona akwai ƙaramar fitilar nan da ake haska takardun kuɗi da ita domin a gane na jabu. Wani dare da aka ɗauke wuta, yaron shagona ya haska fitilar a kan rogon da muka yanke wa baki tun jiya, sai muka ga fuskar yankan tana fitar da wani haske shuɗi mai ƙarfi, alhali da rana fari ne fat, babu abin da ido yake gani a jikinsa.

Tun daga lokacin nake lura da abin. Rogon da aka tono aka yanka nan take ba ya nuna wannan haske sai ɗan kaɗan. Wanda ya kwana shi ne ya fi haskawa, musamman ta gefen da ke kusa da ɓawo da kuma wurin da fartanya ta ji masa rauni. Wanda kuma ya yi kwanaki har baƙaƙen jijiyoyin nan suka fito a cikinsa, waɗanda suke sa masu saye su ƙi shi, na ga daidai wurin da ya yi baƙi hasken ya dushe.

Abin da nake son sani shi ne, wane abu ne yake yin wannan haske? Daga jikin rogon yake, ko kuwa takin zamani ne ko maganin feshi ya shiga cikinsa, ko wata funfuna ce ta kama shi? Wani abokin sana'ata ya ce mini ya taɓa jin cewa gubar da ke kama gyaɗa tana yin irin wannan haske, kuma maganarsa ta tayar mini da hankali, domin abinci nake sayar wa mutane. Sannan ina son in ji ko akwai alaƙa tsakanin hasken da baƙin da rogo yake yi. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Lurar da ka yi daidai take da abin da masu bincike suka gani a ɗakunan gwaji, har ma da jerin yadda abin yake faruwa. Hasken daga jikin rogon yake, ba taki ba ne ba kuma maganin feshi ba. Mafi yawansa na wani sinadari ne da ake kira sikofoletin, wanda saiwar rogo take ƙerawa da kanta idan ta ji rauni. An samo sunansa daga wani tsiro mai suna Scopolia, kuma ana samunsa a tsirrai masu yawa, irin su taba da dankali, yawanci a lokacin da tsiron ya ji ciwo ko cuta ta kama shi.

Sikofoletin ɗan gidan wasu sinadarai ne da ake kira kumarin. Uwar gidan, wato kumarin kanta, an fara ware ta a 1820 daga wani wake mai ƙamshi na Kudancin Amurka, kuma William Henry Perkin ya haɗa ta a ɗakin gwaji a Ingila a 1868. Ginin kumarin zobba biyu ne manne da juna a shimfiɗe. Na farko zarra shida ne na kabon, na biyu shi ma mai kusurwa shida ne amma ɗaya daga cikin kusurwoyinsa oksijin ne, kuma kusa da wannan oksijin akwai kabon mai riƙe da wani oksijin ɗin da ɗauri biyu. Kumarin tsurarta ba ta ƙyalli sosai. Abin da ya bambanta sikofoletin shi ne rassa biyu da aka ƙara wa zoben farko: a matsayi na 7 (masana suna ba kusurwoyin zobban lamba) akwai oksijin da haidirojin, a matsayi na 6 kuma akwai oksijin mai ɗauke da kabon ɗaya da haidirojin uku. Jimillar gininsa ita ce C10H8O4, wato kabon 10, haidirojin 8, oksijin 4, nauyinsa kuma kimanin 192.

Reshen da ke matsayi na 7 shi ne mabuɗin lamarin. Oksijin ɗin da ke wurin yana da ilektaron na rara, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye zarra, da yake turawa cikin zobban, oksijin mai ɗauri biyu da ke ɗaya ƙarshen kuma yana janyo su, saboda haka akwai hanya buɗaɗɗiya da ilektaron suke bi daga wannan ƙarshen ƙwayar sinadarin zuwa wancan. Ƙwayar da take da irin wannan hanya ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ilektaron ɗinta ya tashi daga matakinsa na ƙasa zuwa na sama, kuma ƙarfin da sikofoletin yake buƙata ya yi daidai da na hasken ultrabayolet, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango kimanin nanomita 345 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Idon ɗan Adam yana ganin haske ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700 kawai. Fitilun duba kuɗi kuwa yawancinsu suna bayar da nasu a nanomita 365, masu araha kuma a wajen 395, shi ya sa fitilarka take zuba haske mai yawa wanda kai ba ka gani amma rogon yana sha.

Idan ilektaron ya hau sama ba ya daɗewa, cikin 'yan kaso kaɗan daga biliyan ɗaya na daƙiƙa yake dawowa. Kafin ya dawo, ƙwayar tana zubar da wani ɓangare na ƙarfin ta hanyar girgiza, wanda yake zama zafi a cikin ruwan da ke kewaye da ita, sai ragowar ya fito a matsayin haske. Lamarin ya yi kama da kai kuɗi wurin ɗan canji, inda abin da zai dawo hannunka ba zai kai abin da ka miƙa ba. Haske mai ƙarancin ƙarfi zangonsa ya fi tsawo, saboda haka abin da ya shiga a 365 yana fitowa a wajen 460, kuma 460 shi ne shuɗin da ka gani. Idan aka lissafa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin kowane ɗigon haske ne ya tafi a zafi. Dalilin da ya sa duka bai tafi a zafi ba shi ne zobban nan biyu a sandare suke, ba sa lanƙwasa ko juyawa, don haka ƙwayar ba ta da hanyoyi da yawa na zubar da ƙarfin a ɓoye. Sinadarai da dama suna shan hasken ultrabayolet kamar yadda sikofoletin yake sha, amma saboda jikinsu yana da gaɓoɓi masu juyawa, ba sa mayar da komai da ido zai gani.

Tsirrai ne suka fara nuna wa masana wannan dabi'a. A 1565 wani likita na birnin Sebiya a Sifaniya, Nicolás Monardes, ya bayyana wani itace da ake kawowa daga Meziko wanda ruwan jiƙonsa yake ɗaukar launin shuɗi. A 1845 John Herschel ya ga irin wannan shuɗin a saman ruwan kwinin, maganin zazzaɓin da ake samu daga ɓawon itacen sinkona. George Stokes na Jami'ar Kambirij shi ne ya gane bakin zaren a 1852, lokacin da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa matsar da kwalbar ruwan kwinin daga launi zuwa launi, bai ga komai ba har sai da ya wuce ƙarshen shunayya ya shiga wurin da ido yake ganin duhu ne, a nan ruwan ya haska. Ratar da ke tsakanin zangon da ya shiga da wanda ya fito har yau da sunansa ake kiranta.

Amma dole in ja hankalinka a kan abu ɗaya. Shuɗin haske a ƙarƙashin wannan fitila ba shaida ba ce a kan wani sinadari guda. Farar takarda da farin yadi da aka wanke da garin sabulu duk suna yin shuɗi, domin ana zuba musu sinadaran ƙara fari da gangan. Na ce sikofoletin ne saboda an ware shi daga rogo an auna shi sau da yawa, ba don launin kaɗai ba. Kuma ka gargaɗi yaronka kada ya riƙa kallon cikin fitilar ko haska ta a idon wani.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Malam ya yi bayanin hasken, ni kuma zan taɓa tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce take cin kuɗin manomi da na ɗan kasuwa. E, akwai alaƙa tsakanin hasken da baƙin, kuma alaƙar ta kusa ce ƙwarai: hasken shi ne yake riga baƙin zuwa, kuma abin da yake hasken shi ne yake komawa baƙin.

Doya da dankali ana iya ajiye su makonni ko watanni saboda su iri ne, daga jikinsu sabon tsiro yake fita, don haka idan sun ji rauni suna rufe shi su warke. Saiwar rogo rumbun abinci ce kawai, da kara ake shuka rogo, kuma saiwar ba ta iya rufe rauninta da sauri. Da zarar an raba ta da uwarta, iska ta shiga ta wurin yankan, sai ƙwayoyin halittarta su fara fitar da haidirojin feroksaid, wani sinadari mai ƙona wasu sinadarai, da danginsa, su kuma hau ƙera sikofoletin, wanda yawansa yake kai ƙololuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan shi ne rogonka da ya kwana. Daga nan wani enzayim (furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai) da ake kira feroksides yana haɗa sikofoletin da haidirojin feroksaid ɗin, ya ƙona shi, ya mayar da shi wani abu mai launin shuɗi-baƙi wanda yake taruwa a cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa a saiwar. Sikofoletin da aka ƙona ya rasa gininsa na farko, saboda haka ba ya mayar da haske, shi ya sa ka ga wurin da ya yi baƙi ya dushe. A 1985 wasu masu bincike biyu, Wheatley da Schwabe, sun shafa sikofoletin a kan sabon yankakken rogo suka ga baƙin ya fito da sauri, abin da ya ƙarfafa cewa shi ne tushen launin.

Ya kamata a bambanta wannan da ruɓa. Baƙin jijiyoyi aikin rogon ne da kansa, yana farawa cikin awa 24 zuwa 72, tun kafin wata ƙwayar cuta ta sa hannu. Ruɓar da ke sa shi laushi da wari tana zuwa daga baya, wajen kwana 5 zuwa 7, kuma ita aikin funfuna da bakteriya ce. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kimanin tan miliyan 60 a shekara, saboda haka cibiyoyin binciken noma irin su IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, da kuma CIAT a ƙasar Kolombiya, sun daɗe suna aiki a kan wannan matsala.

Duk dabarun da suke aiki, idan ka duba su, ɗayan abu uku suke yi: rage rauni, hana iska shiga, ko rage yawan sikofoletin ɗin. Tono a hankali da barin ɗan guntun kara a kan saiwar yana rage rauni, kuma ni a ganina wannan ya fi komai sauƙi amma shi aka fi sakaci da shi, domin ana biyan masu tono ne a kan yawan abin da suka tono. Rogon da ake fitarwa daga Kosta Rika zuwa Amurka da Turai ana tsoma shi a narkakken kakin farafin, wanda yake toshe hanyar iska har ya yi makonni. Binne shi a cikin danshin garin katako ko danshin ƙasa, ko ɗaure shi a leda, yana rage iskar kuma yana ba raunin damar rufewa, sai dai danshin yana gayyato funfuna idan ba a kula ba. Dabara ta uku ita ce sare karan rogon mako biyu zuwa uku kafin tono. Wannan yana rage baƙin sosai, kuma an auna an ga irin wannan saiwar ba ta tara sikofoletin da yawa, amma akwai farashi, domin wani ɓangare na sitacin yana komawa sukari, kuma mai yin alabo ko garin kwaki zai ga garinsa ya ragu. Akwai wani abin takaici kuma: irin rogon da ya fi gari, wanda masu sarrafawa suka fi so, sau da yawa shi ne ya fi saurin yin baƙi.

Shawarata gare ka a matsayinka na mai saye ita ce, ka tambayi ranar tono kafin ka tambayi farashi, kuma wanda ya ji rauni ka fara fitar da shi. Fitilar za ta iya nuna maka wanda ya kwana, amma ban ga ta isa a yi ciniki da ita ba, domin iri ya bambanta da iri.

Mai Gwajin Abinci ta amsa:

Ina gaida Malam da Baba. Ni zan tsaya a kan maganar abokin sana'arka, domin bai yi ƙarya ba, sai dai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gubar da yake nufi ita ce afalatoksin, wadda funfunar Aspergillus take yi a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Tana lalata hanta kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Manyan nau'o'inta huɗu ne, B1 da B2 masu ƙyallin shuɗi, G1 da G2 masu ƙyallin kore. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a tsakiyar ginin afalatoksin akwai zobban kumarin ɗin nan da Malam ya bayyana, kuma su ne suke ba ta nata hasken. Dangantakar gini ce kawai. Abin da yake sa afalatoksin B1 cutarwa wasu ƙarin zobba ne da ke gefenta, waɗanda hanta take sauyawa zuwa wani abu mai manne wa ƙwayoyin gado, kuma sikofoletin ba shi da su.

Wannan kamanni ya taɓa ruɗa masu gwaji. A tsohuwar hanya, ana ɗiga ruwan da aka tatso daga abinci a gindin wani faranti mai shafe da garin silika, a tsayar da shi cikin ruwan narkarwa, ruwan ya hau yana jan sinadaran, kowanne ya tsaya a nasa tsayin, sannan a haska da fitilar ultrabayolet a kwatanta da ɗigon afalatoksin na ainihi. A samfurin busasshen rogo, ɗigon sikofoletin yakan fito shuɗi a kusa da inda ake sa ran ganin afalatoksin, har aka riƙa ba da rahoton guba a inda babu ita. Da aka koma ga hanyoyin da suka fi tantancewa, binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna cewa busasshen rogo yakan ɗauki funfunar amma gubar ba ta cika samuwa a cikinsa ba, kuma masu binciken sun danganta hakan da sikofoletin ɗin kansa. Wannan ba lasisi ba ne na shanya alabo a kan danshi, domin funfuna ba iri ɗaya ba ce.

Ina so kuma in ɗan ƙara a kan gargaɗin Malam, in ma tsananta shi. Ana auna afalatoksin da maikurogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a cikin kilo, adadin da fitilar hannu ba za ta nuna a jikin gyaɗa ko masara ba. Hasken kore-rawaya da akan gani a fasasshiyar masara ma ba na gubar ba ne, na wani sinadari ne dabam da funfunar take fitarwa. Saboda haka abinci yana iya haskawa ba shi da guba, yana kuma iya ƙin haskawa alhali yana ɗauke da ita.

Haɗarin da yake na rogo da gaske ba ya haske ko kaɗan. Shi ne sinadarin linamarin, wanda yake sakin gubar sayanaid idan aka fasa ƙwayoyin saiwar, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ɓare rogo mai ɗaci, a jiƙa, a gurza, a matse, a bar shi ya yi tsami, a soya ko a shanya. Ma'aunin da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa wa garin rogo shi ne kada sayanaid ya wuce miligiram 10 a kilo. Shi kuwa sikofoletin yana jure zafi, ba ya narkewa sai ya haura digiri 200 na Selshiyos, kuma masu bincike a Jami'ar Nsukka sun same shi a cikin garin kwaki tun farkon shekarun 1990. Rogon da ya yi baƙin jijiya ana ƙinsa ne saboda ɗanɗanonsa ya lalace kuma ba ya dahuwa da kyau.

Ɗan Kasuwar Rogo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da Malama, hankalina ya kwanta. Saura abu biyu. Na farko, idan wannan sinadari shi ne yake ɓata rogon, mene ne amfaninsa ga tsiron har yake wahalar ƙera shi? Na biyu, akwai wani gwaji da mutum zai iya yi a gida wanda zai ƙara nuna cewa shi ne, tunda kun ce launin kaɗai bai isa ba?

Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Ɓacin a wurinmu yake, Malam, a wurin tsiron kuwa kariya ce. Sikofoletin yana hana funfuna da bakteriya yaɗuwa, kuma baƙin abin da yake zama yana cikin abubuwan da suke toshe jijiyoyin da suka buɗe. A cikin ƙasa, idan ƙwaro ya ciji saiwa, wannan martani yana tsayawa a wurin cizon. Tono kuwa rauni ne babba a saiwar da aka raba da uwarta, raunin bai rufe ba, don haka martanin ba ya samun abin da zai tsayar da shi, sai ya bi jijiyoyi ya ratsa saiwar duka.

Ƙirar tana farawa daga fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Wani enzayim da rauni yake tayarwa cikin awoyi yana cire masa naitirojin, daga nan a bi matakai har a kai ga asid ɗin ferulik, wanda zobe ɗaya ne da jela mai kabon uku. Tsiro yana amfani da wannan hanya wajen yin sinadarin da ke taurara itace, amma akwai wani enzayim mai aiki da ƙarfe da iskar oksijin, wanda aka gano a 2008 a ƙaramin tsiron gwaji Arabidopsis, da yake dasa oksijin a jikin zoben daura da jelar. Jelar sai ta juyo ta kama wannan oksijin, zobe na biyu ya rufe, kumarin ta samu. Kafin rufewar jelar tana iya juyawa, bayan rufewar ta sandare, kuma a nan ne ƙyallin mai ƙarfi yake bayyana. Ka ga kuma wani dalilin da ya sa kakin da Baba ya ambata yake aiki, tunda ƙirar ma tana buƙatar iska, ba ƙonawar kaɗai ba. Idan tsiro yana son ajiye sikofoletin, yana ɗaura masa sukarin gulukos a matsayi na 7, ya zama sikofolin, wanda haskensa ya fi karkata zuwa shunayya.

Akwai wani aiki da aka gano daga baya. A ƙasa mai yawan farar ƙasa, inda ƙarfe yake ƙin narkewa, saiwoyin wasu tsirrai suna zubo kumarin a cikin ƙasa, har ana ganin ƙyallinsu a farantin gwaji. Sikofoletin da kansa ba ya kama ƙarfe sosai, amma idan aka ƙara masa oksijin da haidirojin a matsayi na 8 ya zama firaksetin, rassan biyu da ke maƙwabtaka suna damƙe ƙarfen su narkar da shi yadda saiwa za ta iya sha.

Game da gwaji, akwai wanda zai ƙara maka hujja ko da bai kai na ɗakin gwaji ba. Ka kankare saman rogon da ya kwana, ka jiƙa a ruwa kaɗan, ka tace, ka raba a kofunan gilashi biyu, sannan ka ajiye kofi na uku mai ruwa zalla domin kwatance. A ɗaya ka ɗiga ruwan kanwa kaɗan, a ɗayan ruwan lemun tsami, a na ukun ma ka sa kanwar domin ka tabbatar ba ita ce take haske ba. Kanwa tana cire haidirojin ɗin da ke matsayi na 7, oksijin ɗin ya ƙara ƙarfin turo ilektaron, zangon da ƙwayar take sha ya matsa zuwa wajen nanomita 385, saboda haka ya kamata kofin kanwar ya fi haske, musamman idan fitilarka irin ta 395 ce. Kada ka cika kanwar, kuma ka duba nan take, domin ruwan kanwa mai ƙarfi yana iya buɗe zobe na biyu idan aka daɗe, hasken ya ragu. Kwinin akasin haka yake: a ruwa mai tsami ya fi haske, kuma idan ka zuba gishiri a lemun kwalba na tonik, wanda ake sa wa kwinin kaɗan, za ka ga shuɗinsa ya dushe saboda kulorayid ɗin gishirin yana karɓe ƙarfin kafin ya fito. Wannan gwaji zai nuna maka cewa abin da ke cikin rogon yana da reshe irin na matsayi na 7, amma ba zai raba sikofoletin da 'yan'uwansa irin su eskuletin ba, wanda shi ma ana samunsa a rogo. Raba su sai da farantin silikar da Malama ta bayyana, ko na'urar da ta fi shi.